Me ya sa RAM ke mantawa da an ɗauke wuta, amma filash ba ya mantawa?

Ummi_Ɗaliba ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana kwamfuta ku taimaka min da bayani, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Ina zaune ina buga babi na uku na furojet ɗina a kwamfutar tebur, na yi wajen awa biyu da rabi ina rubutu, shafi kusan tara, ban danna sebin ba ko sau ɗaya saboda hankalina duk yana kan aikin, kawai sai ɗif wuta ta ɗauke. Ba mu da UPS. Ko minti biyar ba a yi ba ta dawo, na kunna na buɗe fayil ɗin, babu komai sai abin da na ajiye shekaranjiya. Wlh sai da na yi hawaye.

Toh abin da ya ɗaure min kai shine, ina da wani tsohon filash 4GB da yayana ya ba ni, ya fi shekara shida a cikin durowa, ba batir a jikinsa ba caji, har an taɓa wanke shi a aljihun riga, amma satin da ya wuce na jona shi na ga hotunan suna nan. Ya aka yi ita kwamfuta mai tsada ta kasa riƙe rubutu na minti biyar, shi kuma ɗan ƙaramin abu ya riƙe shekara shida? Ba duk memori ake ce musu ba?

Sannan wata ƙawata ta tsorata ni, ta ce wai SSD, wato ma'ajiyar nan mara faifai da ke aikin had dis, in aka ajiye shi shekara ɗaya bai ga wuta ba komai gogewa yake. Ni kuma ina da SSD na waje da na zuba duk hotuna da muryoyin mahaifinmu Allah ya jiƙansa, na sa shi a kwalinsa na ɓoye, ba na ma taɓa shi don kar ya lalace. Da gaske ne maganarta?

Injiniya_Bash ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Sannu da wannan asarar, na san zafinta.

Eh duk memori ake ce musu amma ba hanya ɗaya suke bi wajen riƙe bayani ba, kuma da kin gane hanyar, sauran tambayoyin da kansu za su warware. Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, toh tambayar ita ce a zahiri wane abu ne ake canzawa a jikin na'urar don ya zama 0 ko 1, kuma in an cire wuta wannan abin zai zauna yadda aka bar shi ko zai koma yadda yake da.

Rubutun da kike bugawa jiya a cikin RAM yake zaune, irin wanda ake kira DRAM. A cikinsa kowane bit guda ɗaya, wato 0 ko 1 guda, yana da ɗan kafasita ɗaya da tiranzisto ɗaya, wato ɗan makunni na lantarki. Kafasita ki ɗauke shi kamar ɗan ƙaramin kofi da ake zuba caji a ciki, in da caji 1 kenan, in babu 0. Matsalar ita ce kofin nan yana yoyo, ba wai lalacewa ya yi ba, haka halittarsa take saboda ƙanƙantarsa ta wuce misali, RAM mai 8GB yana ɗauke da irinsu sama da biliyan 64. Saboda yoyon nan dole kwamfuta ta dinga zagayawa layi layi tana karanta abin da ke ciki tana sake cikawa kafin ya tsiyaye, kuma a nau'in RAM na DDR3 da DDR4 ƙa'idar ita ce kowane layi a sabunta shi cikin milisakan 64, wato kusan sau 16 a daƙiƙa ɗaya, in ya yi zafi sosai ma sai an ninka saurin. Duk lokacin da kike zaune kina tunanin jimlar da za ki rubuta, wannan aikin yana ta gudana ba tsayawa. Da wuta ta ɗauke mai cikawar ya tsaya, kofunan suka tsiyaye, shikenan shafi tara ya tafi. Wani injiniya a kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ne ya ƙirƙiro wannan tsarin a 1966, kuma har yau shi ake amfani da shi a kwamfuta da waya saboda yana da sauri kuma ana iya cusa da yawa a ɗan wuri.

Akwai ɗan uwansa SRAM, shi ne a cikin furosesa a matsayin kesh, wato 'yar ma'ajiyar kusa da take sa abin da take yawan buƙata. Shi ba kofi ba ne, tiranzisto shida ake haɗawa yawanci su riƙe bit ɗaya, ɓangare biyu ne kowanne yana tokare ɗayan, muddin akwai wuta a haka za su tsaya ba sai an sabunta su ba, shi ya sa ya fi DRAM sauri nesa ba kusa ba, amma yana cin wuri kuma yana da tsada. Shi ma da wuta ta tafi tokarewar ta saki, ya manta.

Shi kuma filash ɗinki, abin mamakin shine shi ma caji yake ajiyewa. Bambancin shine inda ake ajiye cajin. A cikin kowane tiranzisto nasa akwai wani ɗan wuri da aka kewaye ta ko'ina da siririn abu wanda lantarki ba ya ratsawa, ba waya ko ɗaya da ta taɓa shi. In za a yi rubutu sai a ɗaga ƙarfin wuta sosai, wajen bolt 20 a cikin cif ɗin, a tura ilektiron su ratsa katangar da ƙarfin tsiya su shiga, da an sauke ƙarfin sun maƙale a ciki ba hanyar fita. Kenan RAM kofi ne mai huji, filash kuma kwalba ce da aka toshe bakinta. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ne ya kawo shi a shekarun 1980, kuma wannan cif ɗin da ke cikin filash, wanda ake kira NAND, shi ne dai a memori kad da SSD da ma'ajiyar waya. Ruwan wanki bai taɓa shi ba saboda cif ɗin a rufe yake ruf, in dai ya bushe sosai kafin a jona.

Za ki ce toh me ya hana a yi RAM da filash kowa ya huta. Abu biyu ne manya. Na farko sauri, DRAM yana amsawa cikin nanosakan 'yan gomomi, shi kuma NAND sai maikurosakan 'yan gomomi, kusan ninki dubu kenan, rubutu kuma ya fi haka jinkiri. Na biyu, duk lokacin da aka tura ilektiron ta katangar nan sai ta ɗan ji rauni, bayan gogewa da rubutawa 'yan dubbai sai ta fara kasa riƙewa, alhali RAM a daƙiƙa ɗaya ana iya rubuta wuri guda sau ba adadi. Kuma filash ba a goge masa bit ɗaya, sai dai a goge babban yanki gaba ɗaya sannan a sake rubutawa. In aka sa shi aikin RAM ba zai daɗe ba.

Toh sebin ba komai ba ne illa kwafo abin da ke RAM a kai shi inda ba ya buƙatar wuta.

MaiGyara_Abba ya rubuta:

Injiniya ya gama magana Allah ya ƙara basira. Ni dai kafin komai malama, da wace manhaja kike rubutun? In Word ne kar ki yanke ƙauna tukuna, yana da tsarin da yake ajiye kwafi da kansa duk minti 10 in ba a kashe ba. Ki buɗe Word ɗin ki duba gefen hagu ko ya nuna miki fayilolin da ya ceto, in bai nuna ba ki shiga File sai Info ki nemi wurin dawo da takardun da ba a ajiye ba, ko ki bincika kwamfutar da fayil mai ƙarewa da .asd. Ki yi yau kar ki bari, kuma kar ki yi ta buɗewa kina rufewa.

Bari in ƙara wani abu da nake gani kullum a wajen aiki. In kika buɗe kwamfutar tebur ɗin nan taki za ki ga wani batir mai kama da kwabo a jikin madabod, CR2032 aka rubuta, bolt 3 ne. Aikinsa ya riƙe agogo, da kuma saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta in an kunna, a tsofaffin kwamfutoci, domin saitin a cikin ɗan ƙaramin memori mai mantuwa yake, batirin ne ke ɗan shayar da shi wuta kaɗan kaɗan shekara da shekaru. Sau nawa ake kawo min kwamfuta a ce ta haukace, duk kunnawa sai kwanan wata ya koma shekarun baya, intanet ya ƙi buɗe shafuka yana ta kukan satifiket, mai ita har ya fara tunanin sayen sabuwa, ni kuma ina sa farce na ɓamɓare batirin na sa sabo magana ta ƙare. Wato akwai memorin da za ki rantse ba ya mantuwa alhali ɓoyayyen batir ne ke riƙe da shi.

Haka kuma mutane suna rikita silif da haibanet a laftof. Silif, komai yana nan cikin RAM, kwamfutar ta kashe sauran kayan amma tana ba RAM 'yar wuta yana sabunta kansa, shi ya sa take farkawa nan take, kuma shi ya sa in ka bar ta kwana da kwanaki a jaka batir yake ƙarewa. Haibanet kuma ta kwashe abin da ke RAM ta zuba a dis cikin wani fayil, a Windows sunansa hiberfil.sys, sai ta mutu gaba ɗaya, ko batir ka cire aikinka na nan.

Sai maganar waya, da za ka ji an ce RAM 6 ROM 128. Wannan 128 ɗin ba ROM ba ne a asalin ma'anarsa, ROM na gaskiya karanta shi kawai ake yi ba a rubutu a kai, wannan filash ne zalla, sunan ne ya bi bakin mutane.

Amma RAM kam da wuta ta ɗauke a take yake zama fayau, ko ƙyaftawar ido ba ya kaiwa. Maganar SSD kuma ni ma na ji ana faɗin shekara ɗayan nan, shawarata ki dinga jona shi duk bayan wata shida na ɗan minti biyu ya sha wuta ki cire.

Anti_Zee ta rubuta:

Malam Abba ka yi haƙuri zan ɗan gyara maka wuri biyu, shawararka ta Word kam daidai ce, Ummi ki bi ta yanzu.

Na farko RAM ba a take yake gogewa ba. Milisakan 64 ɗin da Injiniya ya faɗa iyaka ce da aka sa don a tabbatar ko bit ɗaya bai kuskure ba har a cikin zafi, amma yawancin kofunan suna riƙe cajinsu daƙiƙoƙi bayan an yanke wuta, a hankali suke dusashewa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Firinston ta Amurka sun nuna haka ƙarara, suka sanyaya RAM da gwangwanin iskan nan na share ƙura da aka kifa, ya yi sanyi ƙasa da sifili sosai, suka zare shi daga kwamfuta suka sa a wata, suka karanto abin da ke ciki bayan mintuna, har da mabuɗan sirrin da ke kulle had dis. Wannan ba zai amfani Ummi ba tunda minti biyar a ɗaki ba sanyi ya yi yawa, kuma kunna kwamfutar ma yana rubutu a kan wurin, amma ga wanda ke ajiye sirrin mutane a laftof abin lura ne, wanda ya bar ta a silif mabuɗansa na nan kwance a RAM.

Na biyu maganar shekara ɗaya, wannan ce ta fi damuna domin an daɗe ana tsorata mutane da ita ba tare da an faɗi sauran zancen ba. Adadin daga ƙa'idar JEDEC ya fito, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin memori. Abin da ƙa'idar ta ce shine SSD na gida wanda aka riga aka rubuta masa iya adadin rubutun da aka ƙayyade masa a rayuwarsa, wato ya tsufa ya gama aikinsa, dole duk da haka ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Na manyan sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfanoni, kuma wata uku a digiri 40. Kin ga kenan shekara ɗayan mafi ƙaranci ce ga wanda ya gaji tiɓis, ba wa'adin mutuwa ba ne ga kowane SSD. Naki da kika zuba hotuna sau ɗaya kika ajiye, katangunsa ba su ji rauni ba, ya kamata ya wuce haka da nisa.

Amma kuma ƙawarki ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Kwalbar da Injiniya ya ce an toshe, toshewar ba ta har abada ba ce, ilektiron suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abu uku ne ke ƙara musu sauri: zafin wurin ajiya, yawan rubutun da aka taɓa yi, da kuma bit nawa aka cusa a kowane ɗaki, wato ɗan wurin nan da ake kulle caji. Wannan na ukun mutane ba su cika sani ba. Filash na farko SLC bit ɗaya ne a ɗaki, ko cike ko fanko, ko rabin cajin ya gudu za a iya gane wanne ne. Sai aka zo MLC bit biyu mataki 4, TLC bit uku mataki 8, QLC bit huɗu mataki 16. Ki yi tunanin kofi ɗaya a ce sai an bambance matakin ruwa 16 a cikinsa, ai ɗan ɗigo kaɗan in ya fita an koma matakin ƙasa, 1 ya zama 0. Akwai lissafin gyaran kuskure a cikin na'urar da ke rufe wannan ɓarakar, amma yana da iyakar abin da zai iya gyarawa. Galibin SSD na yanzu TLC ne ko QLC, don haka kar ki ɗauka tunda tsohon filash ya yi shekara shida lafiya toh sabon ma dole ya yi.

Sannan jonawa na minti biyu Malam Abba, ba batir ba ne fa da zai sha caji. Wuta ba ta shiga ɗakunan ta cika su don kawai an jona. Abin da ke sabunta cajin shine a karanta bayanin a sake rubuta shi, toh mafi tabbas ki kwafe komai zuwa wani wuri, ki buɗe ki ga suna buɗewa, in kina so ki goge ki sake zubawa sabo.

Ni abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki ba wuta ba ce, cewa da kika yi duk muryoyin Baba suna wuri ɗaya. Kwafi ɗaya ko a kan me yake hatsari ne, kuma SSD in zai mutu sau da yawa ba ya gargaɗi, kwanturolarsa, wato cif ɗin da ke tafiyar da aikinsa, ce za ta tsaya kawai kwamfuta ta daina ganinsa. Ƙanwata ki yi kwafi uku, a kan na'ura iri biyu daban, ɗaya kuma ya kasance ba a gida ɗaya da sauran ba, ko a intanet ko wajen ɗan uwa.

MaiGyara_Abba ya rubuta:

Na karɓi gyara Anti, na gode, maganar jonawar nan na daɗe ina faɗa wa mutane, daga yau zan ce su kwafe.

Baba_TsohonHannu ya rubuta:

Yara kun yi bayani mai kyau Allah ya yi muku albarka. Ummi 'yata bari in ƙara miki da abin da idona ya gani, don kar ki ɗauka tun fil azal RAM mai mantuwa ne.

Kafin DRAM ya karɓe kasuwa a shekarun 1970, babban memorin kwamfuta wasu ƙananan zobba ne na maganaɗisu da ake saƙawa a cikin siraran wayoyi kamar tabarma, kowane zobe bit ɗaya. Na taɓa riƙe allonsa a hannuna lokacin muna koyon aiki, sai ka kanne ido kafin ka ga zobban, kuma da hannu ake zura musu wayoyin. In aka juya maganaɗisun zobe dama 1 ne, hagu 0, kuma maganaɗisu ba ruwansa da wuta, ka kashe injin yau ka dawo bayan sati abin da ka bari yana nan. Abin da ya ba mu mamaki a lokacin shine karanta shi yana goge shi, dole injin ya sake rubutawa nan take bayan kowane karatu. Girma da tsada ne suka kashe shi, da Intel ta fito da cif ɗin 1103 a 1970 mai bit 1024 kacal, daga nan zobba suka fara ja da baya. Wato an zaɓi araha da ƙanƙanta, aka haƙura da mantuwar.

Wanda na fi aiki da shi kuma EPROM ne, kakan filash ɗinki. Cif ne mai 'yar taga ta gilashi a bayansa, kana hango ɗan ƙarfen a ciki yana ƙyalli. Shi ma caji yake kullewa, amma ba a goge shi da wuta, sai ka zare shi daga allo ka sa a wani ɗan akwati mai fitilar haske na UV, ka jira kamar minti 20, hasken ya kori cajin ya fito fes. Bayan ka rubuta sai ka manna sitika a kan tagar saboda hasken rana ma in ya daɗe yana dukansa zai iya cinye abin da ke ciki. In ka yi kuskuren harafi ɗaya a shirin, sai ka sake zarewa ka sake jiran minti ashirin, shi ya sa muke duba aiki sau uku kafin mu rubuta shi a cif ɗin.

Shi ya sa ni a ajiya mai tsawo har gobe na fi natsuwa da had dis mai faifai. Shi ma maganaɗisu ne, ƙananan wurare a kan faifan da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, ba cajin da zai tsiyaye. Tun 1956 IBM ta fara shi da RAMAC, girmansa kamar firij biyu amma abin da yake ɗauka bai wuce kusan 5MB ba, hoto ɗaya ko biyu na wayarki kenan. Nasa ciwon daban ne, inji ne mai motsi, in ya faɗi ƙasa ko ya daɗe a ajiye ba a juya shi ba yana iya ƙin tashi, amma ko ya ƙi, sau da yawa bayanin na nan a kan faifan masu aikin ceto su iya cirowa. Toh tunda raunin SSD daban na had dis daban, ki haɗa su biyun kamar yadda Zee ta ce, abin da zai kashe ɗaya da wuya ya kashe ɗayan a rana guda.

Ummi_Ɗaliba ta rubuta:

Alhamdulillah!! Malam Abba Allah ya saka da alheri, na bi yadda ka ce na samu fayil ɗin, shafi takwas da 'yan layuka sun dawo, sakin layi biyu na ƙarshe ne kawai babu kuma ina tuna abin da na rubuta. Yanzu na gane, wanda ya dawo ɗin shine wanda ya riga ya sauka a dis, wanda ya ɓata kuma shine wanda wutar ta tarar a RAM. Yaya Bash, Anti, Baba, na gode ƙwarai wlh ko a aji ba a taɓa min bayanin da ya shige ni haka ba.

Tambaya ɗaya ta rage, wai har yanzu ba a samu wanda ya haɗa biyun ba, mai saurin RAM kuma ba ya mantuwa?

Injiniya_Bash ya rubuta:

Masha Allah na ji daɗi. Akwai su ƙanwata amma ƙanana ne. MRAM yana amfani da maganaɗisu a cikin cif, kusan dabarar zobban da Baba ya faɗa ce ta dawo a ƙanƙance, sai FRAM da ake sawa a irin mitoci da kayan masana'anta inda ake yawan rubutu kuma wuta na iya yankewa kowane lokaci. Suna da sauri kuma suna jure rubutu sosai, sai dai ba sa ɗaukar da yawa kuma kowane bit ya fi na DRAM tsada. Intel ta gwada da babba mai suna Optane, ya fi NAND sauri bai kai DRAM ba, amma a 2022 ta sanar da rufe harkar. Don haka a yanzu dai tsarin shine RAM na aiki, dis na ajiya, ki rage lokacin ajiyar Word ɗin daga minti 10 zuwa 2 ko 3, kuma ki saba da Ctrl+S duk ƙarshen sakin layi. UPS ma yana kare SSD ɗin kansa, domin yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya ɓata taswirar da yake amfani da ita wajen sanin inda kowane fayil yake.

Ummi_Ɗaliba ta rubuta:

Na saita minti 2. SSD ɗin Baba na ɗauko shi, komai yana buɗewa har na saurari muryarsa, yanzu haka ina kwafewa a had dis ɗin yayana. Amma tsohon filash ɗin nan da nake ta yabo, da na zauna na buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya sai na ga guda uku rabinsu na sama ne kawai ke fitowa, ƙasan duk toka toka ne, ranar sunayen fayil kawai na gani na ɗauka duk lafiya. Akwai yadda za a yi da su?

MaiGyara_Abba ya rubuta:

Kar ki rubuta komai a kansa, kar ki yi fomat, kuma in Windows ta tambaye ki ko ta gyara shi ki ce a'a tukuna. Fara kwafe duka hotunan har da ukun nan zuwa kwamfuta. In kin gama ki cire shi ki sake jonawa a wata kafar USB ki ƙara kwafo ukun a wani folda daban, wani lokacin karatu na biyu yana fitowa daidai in kuskuren a bakin iyaka yake ko kuma bakin filash ɗin ne ya yi tsatsa tun wankin nan. Ki duba girman fayilolin ki faɗa min KB nawa kowanne, in girmansu ya yi daidai da sauran hotunan toh akwai abin gwadawa.